Ranar da sabis ya ɗauke, wane aiki ne zai tsaya a kamfaninka?

Tambaya: Injiniya, muna sayar da taki, iri da magungunan feshi a kan sari. Babban ofishinmu yana titin Ahmadu Bello a cikin garin Kaduna, sito yana Kakuri, muna da rassa a Zariya da Saminaka. Komai da WhatsApp da littafin sito muke yi, kuma ƙarshen wata lissafi ba ya haɗuwa. Wani yaro ya ba mu shawarar mu kafa intiranet, har dilolinmu su riƙa shiga suna ganin kayan da ke ƙasa. Mece ce wannan intiranet ɗin, kuma waɗanne matsaloli zan tarar kafin in zuba kuɗina?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarar yaron nan tana kan hanya. Kamfanin da ke da sito a Kakuri da rassa biyu a wajen gari ya wuce matsayin da hoton rasit a WhatsApp zai riƙe masa lissafi.

Intiranet ita ce a ɗauki fasahar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wato burauza (manhajar buɗe shafi) da sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran) da ƙa'idojin da suke magana da juna, a killace ta ga ma'aikatan kamfani kaɗai. Akawunka na Zariya zai buɗe Chrome kamar mai shiga Facebook, sai dai shafin da zai fito naku ne, yana nuna buhu nawa suka rage, wa ake bi bashi, wace mota ce ta tashi daga sito. In kuma aka buɗe wa mutanen waje wata 'yar ƙofa, kamar dilolinka, sai a kira wannan ɓangaren ekistiranet. Ka ɗauke shi kamar gida. Intanet titi ce, kowa na bi. Ekistiranet zaure ne, inda baƙon da aka sani yake zama. Intiranet cikin gida ne.

To amma ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Wannan cikin gidan naka ba shi da wayarsa ta kansa. Babu wanda zai ja maka waya daga Kakuri zuwa Saminaka. Bayananka za su hau layukan kamfanonin sadarwa ne, waɗanda kowa yake hawa, sai dai a kulle su cikin ɓoyayyar hanya da muke kira VPN don kada mai leƙe ya karanta. Saboda haka duk ciwon da ke damun intanet a ƙasar nan, intiranet ɗinka za ta gāje shi. Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kira ni irin wannan aiki ita ce: ranar da sabis ya ɗauke, wane aiki ne zai tsaya? In amsar ita ce sayarwa za ta tsaya, to tsarin bai yi ba, komai kyawun shafinsa.

Kuma sabis yana ɗaukewa, ta hanyoyin da ba su da alaƙa da juna. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa a Najeriya, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Duk kamfanin da sabarsa ke Turai ko Amurka ya ji a jikinsa ranar. A nan gida kuma, mafi yawan yankewar faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, daga aikin titi take zuwa: katafila ta kai haƙori ƙasa, unguwa guda ta rasa sabis. Wanda ya zauna a Kaduna tun 2019, lokacin da aka shiga faɗaɗa titunan gari, ya san wannan. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma direban katafila ba ya ganin abin da ke binne. Sannan akwai wanda ya fi waɗannan nauyi a wurinmu: daga ƙarshen Satumban 2021 zuwa ƙarshen Nuwamba, an rufe layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Kusan wata biyu. Ɗan kasuwar da reshensa ya faɗa cikin wannan yanki, ko layi goma yake da su bai da sabis.

Shi ya sa babbar shawarar da za ka yanke ita ce inda sabar za ta zauna. Za a iya ajiye ta a ofishinku na titin Ahmadu Bello, a iya kuma yin hayarta a ɗakunan ajiyar sabar na kamfanoni, waɗanda mafi yawansu a ƙasar nan suna Legas, ko na ƙasashen waje. In tana ofishinku, ku ne masu kula da wutarta da sanyinta da tsaronta, kuma ranar da layin ofishin ya mutu, rassa duka sun makance. In tana Legas, an ɗauke muku wahalar wuta, kuma in kamfanin da ke ba ku intanet yana haɗe da cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, bayananku ba sai sun tsallaka teku sun dawo ba. Amma dai sai sun bi faibar da ta taso daga Legas zuwa Kaduna. In tana waje, ka ƙara teku a kan wannan.

Ga kasuwanci irin naka, ni abin da nake zaɓa shi ne babbar ma'ajiya ta zauna a sabar haya, amma kowane reshe ya iya aiki shi kaɗai ba tare da ita ba. Wato manhajar ta ajiye ciniki a kwamfutar reshen, ta buga rasit, in sabis ya dawo ta tura abin da ya taru. Wannan shi ne sharaɗin farko da za ka gindaya wa yaron. Kada ka karɓi "ai za ta yi" da baki. Ka sa ya zare wayar intanet a gabanka, ya sayar da buhu biyar, ya buga rasit, ya mayar da wayar, ku ga ko cinikin ya bayyana a ofis.

A nan akwai wani rami da ƙwararru ma suke faɗawa. A ce buhun yuriya hamsin suka rage a Kakuri. Sabis ya ɗauke a Saminaka da safe. Zariya ta sayar da hamsin ɗin da hantsi, Saminaka kuma, da yake kwamfutarta tana nan a kan lissafin jiya, ita ma ta karɓi kuɗin wani manomi a kan buhunan nan. Da yamma sabis ya dawo, sai ga buhu hamsin da masu su biyu. Kwamfuta ba za ta raba wannan gardama ba, tsarin kasuwanci ne zai hana ta faruwa. Kowane reshe a ware masa kayansa da sunansa a cikin manhajar. In babu sabis, abin da ke hannunsa kaɗai zai sayar. Sayar da kayan babban sito sai akwai sabis, ko kuma an kira mai sito ta waya ya ware. Lambar rasit ma kowane reshe ya kasance da harafinsa a gaba, don kada Zariya da Saminaka su fitar da lamba ɗaya a rana ɗaya. Canjin farashi kuma a sa masa ranar farawa, a kuma ga alamar cewa kowane reshe ya karɓa. Na sha ganin an ƙara kuɗin kaya a ofis, reshe ya kwana biyu yana sayarwa a tsohon farashi don saƙon bai isa ba. Waɗannan ƙananan ƙa'idoji su ne za su sa lissafin ƙarshen wata ya haɗu, fiye da tsadar na'urar da aka saya.

Batun layi, kowane wuri ya samu biyu daga kamfanoni daban, da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, mai sauyawa da kanta in ɗaya ya faɗi. Sai dai ka sani cewa kamfanonin waya sukan haɗu a kan turke ɗaya, don yawancin turakun na kamfanonin haya ne. In man janaretan turken ya ƙare, sim biyunka tare za su yi shiru. Layi na biyu na gaskiya shi ne wanda ya bi wata hanya dabam. A ofis da sito, faiba ko rediyo ya zama na farko, sim ya zama na biyu. A Saminaka kuwa zan duba Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Taurarinsa suna kewaya a nisan kilomita kusan 550, ba kamar tsofaffin taurarin da ke kilomita 35,786 ba, waɗanda saƙo ke ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa gudu, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, amma katafila ba ta isa gare shi.

Akwai wata 'yar matsala da za ta iya ɓata wa yaron mako guda in bai sani ba. Layukan sim, har da Starlink na gida, yawanci ba sa ba ka adireshin intanet naka na kanka, suna haɗa mutane da yawa ne a bayan adireshi ɗaya. Saboda haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar sabar da ke ofishinka kai tsaye. Ko dai ku sayi tsayayyen adireshi daga kamfanin faiba, ko kuma kowane wuri ya riƙa fita yana haɗuwa da sauran a sabar haya. Wata manhajar VPN mai suna WireGuard tana yin wannan aiki da kyau, kuma kyauta ce.

Wuta kuwa, ba sai na yi maka dogon bayani ba. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando sannan ɗaya layin da ya rage ya faɗi. Abin daɗin shi ne kayan sadarwa ba su da ci. Rauta da ƙaramar kwamfuta da injin buga rasit, in aka haɗa, da wuya su wuce wat 100. A awa 24 yunit 2.4 ke nan. Batir mai amfiya 200 a kan bolt 12 shi ma kusan yunit 2.4 yake ɗauka, amma in irin na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha, in ana son ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya zai riƙe ku kusan yinin aiki, biyu su kai ku gobe, da falle biyu ko uku na sola. Sharaɗin shi ne a ware wannan infata ga kayan sadarwa kaɗai. Da zarar an jona mata firji ko hita, lissafin ya rushe. Sannan abubuwa biyu da Kaduna ta koya mini: tsawar farkon damina tana bin eriyar da ke kan rufi ta ƙone rauta, don haka a binne sandar tagulla a ƙasa a ɗaura mata waya mai kauri. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta har ta riƙa mutuwa da zafi. A sito ma ga ƙurar taki, wadda ke cin ƙarfe. Kwamfutar Kakuri ta zauna a ɗaki mai ƙofa, nesa da inda ake lodi.

Kafin ka sa hannu a kan kowace manhajar haya, ka tambaya da wane kuɗi ake biya. Da yawa dala ne, kowane ma'aikaci kowane wata. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Maris 2024 ta haura 1,500. Kamfanonin da suka yi kasafi da tsohon farashi sun ga kuɗin manhajarsu ya ninka uku ba tare da sun ƙara ko mutum ɗaya ba. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka shafukanku su zama marasa nauyi. Rubutu da lambobi ba sa cin data, hotuna da bidiyo ne ke ci.

Yanzu tsaro, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi yin asara. Mutane suna tsoron wani ɗan kutse a wata ƙasa. Ni abin da na fi gani a aikina shi ne kalmar sirri guda ɗaya da ma'aikata shida suke amfani da ita, an rubuta a takarda an liƙa a jikin kwamfuta. An taɓa kirana wani kamfani a garin nan, kaya suna ɓacewa a lissafi ba a san ta ina ba. Da muka buɗe tarihin shiga, duk gyare-gyaren da suna ɗaya aka yi su, sunan manaja, wanda kowa ya san kalmarsa, har da wani da ya bar aiki watanni kafin nan. Ba a iya kama kowa ba, kuma zargi ya hau kan mutanen da ba su ji ba su gani ba. Wannan ya fi ɓacewar kayan ɓata mini rai. Kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmarsa. Mai sayarwa kada ya iya goge rasit, mai sito kada ya iya canza farashi. Duk abin da aka goge ya bar sawu, da suna da lokaci. Ranar da mutum ya ajiye aiki, a ranar a rufe sunansa, kafin ma a biya shi haƙƙinsa. Kai da akanta kuwa, a sa muku tabbaci na biyu, lambar da ke fitowa a waya bayan kalmar sirri.

Ƙofar diloli ita ce wadda zan ce ka jinkirta. A ƙarshen 2013 an sace bayanan katin banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin da sunan shigar wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya suka fara shiga. Ta zaure aka bi aka kai cikin gida. Wayar dilanka ba ta hannunka, ba ka san wa ke riƙe ta ba. In za a buɗe musu, kowane dila ya ga nasa odar da nasa bashin kaɗai, kada ya ga na maƙwabcinsa, kada kuma ya ga farashin da kake sarowa. Akwai gwaji mai sauƙi: ka shiga da sunan dila ɗaya, ka buɗe rasit ɗinsa, ka canza lambar da ke ƙarshen adireshin shafin. In rasit ɗin wani ya fito, bango ya tsage. Wannan kuskure ya yi yawa a manhajojin da ake rubutawa cikin gaggawa.

Sai manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle duk fayilolin kamfani ta nemi kuɗin fansa. A Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta bazu a duniya har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Windows 7 an daina yi mata facin tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows ta bayan fage da ake lodawa a kasuwa kuwa, da yawa da ƙwayar cutarsu suke zuwa. Abin da ke ceton kamfani a irin wannan rana kwafin ajiya ne: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam kuma ba a jone da sauran ba. Duk wata uku a gwada dawo da shi a wata kwamfuta. Na ga kwafin da aka shekara ana yi, ranar buƙata aka tarar fanko ne.

Wani abu da ba na na'ura ba ne amma ta hanyarta yake zuwa: in saƙo ya zo da sunan kamfanin da kuke saro taki cewa sun canza lambar asusu, kada a tura ko sisi sai an kira lambar wayar da kuka saba kira, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Doka ma ta shigo. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita. Sunayen manoma da lambobin wayarsu da bayanan ma'aikatanka duk amana ce a ƙarƙashinta, kuma in aka sace bayanan da za su iya cutar da masu su, awa 72 doka ta ba ka ka sanar da hukumar. Abin da ba ka buƙata kada ka tara. In babu dalilin ajiye hoton katin zama ɗan ƙasa na dila, a bar shi.

Game da yaron da zai yi aikin, ba ina zarginsa ba ne, amma ka yi wannan tun ranar farko. Sunan shafinku, asusun sabar haya, da imel ɗin da aka yi rajista da shi, duk su kasance da sunan kamfani da lambar wayar kamfani. Matasa da yawa da nasu imel suke buɗewa don sauri, ba da mugun nufi ba. Sai yaro ya samu aiki a Abuja ko ya tafi karatu, ko kuma ku saɓa a kan kuɗi, kamfani ya wayi gari makullin gidansa yana aljihun wani. A rubuta yarjejeniya: wa ya mallaki manhajar, nawa ne kuɗin kulawa a wata, cikin awa nawa zai amsa kira, kuma ku iya fitar da bayananku duka zuwa Excel duk lokacin da kuka so. Manyan kalmomin sirri a rubuta a takarda, a sa a ambulan, a kulle a sef ɗinka.

Mai sitonka na Kakuri, wanda ya shekara da shekaru da littafinsa, shi ne zai raya aikin nan ko ya kashe shi. In shafin ya fi littafi wahala, zai koma littafi, ya riƙa shigar da lissafin mako guda a ranar Asabar, kuma ka dawo inda ka fito. A zauna da shi tun kafin a fara rubuta manhajar, a ji yadda yake ƙirga lodi da abin da yake yi da buhun da ya fashe. Maɓallan su zama da Hausa, manya, su buɗe a ƙaramar wayar Android.

Lokacin farawa kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka kuskura ka kawo sabon tsari a Mayu ko Yuni, motoci na layi a bakin sito. Ka fara a Janairu, da ofis da Kakuri kaɗai, lissafin kaya kawai. Littafi ya ci gaba da tafiya tare da kwamfuta har wata biyu, duk Juma'a a gwada su a ga ko sun yi daidai. In sun daidaita mako huɗu a jere, a shigo da Zariya, sannan Saminaka. Diloli sai bayan damina ɗaya ta wuce lafiya. Kafin damina ta faɗi, ka zaɓi wata Talata, ba tare da ka gaya wa kowa ba, ka kashe intanet ɗin ofis daga ƙarfe tara zuwa azahar, ka zauna da biro ka rubuta duk aikin da ya tsaya. Wannan takardar za ka miƙa wa yaron ya gyara kafin motar taki ta farko ta iso.